Kiyub Ɗin Rubik: Na'urar Da Ba Ta Neman Caji Ko Data, Kuma Ta Cancanci Shiga Makarantun Zamfara

A farkon watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, wayoyin mutanen Kucheri, garin da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau a Ƙaramar Hukumar Tsafe, sun koma tocila da rediyo. Babu kira, babu WhatsApp, babu YouTube. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi kuwa sun daɗe fiye da haka. A cikin makon ne kuma gwamnatin jihar ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Ƙaramar Hukumar Maradun. Yaro ya rasa aji, ya rasa intanet, duk a lokaci guda.

Ya kamata wannan ya riƙa faɗo wa duk mai maganar koyar da yara fasahar zamani a Zamfara. Galibin tsare-tsaren da ake kawowa suna ɗauka cewa akwai wuta, akwai sabis, akwai kwamfuta a gaban kowane ɗalibi. A Kucheri da ƙauyukan Tsafe da Bungudu, samun ukun nan a rana ɗaya sai an yi sa'a. Alhali akwai wata 'yar na'ura da ke shiga aljihu, ba ta neman caji, ba ta cin data, kuma tana koyar da abu na farko da mai rubuta manhajar kwamfuta yake bukata, wato bin matakai a jere har a kai ga sakamako. Ita ce kiyub ɗin Rubik, ɗan akwatin nan mai fuska 6 da launi 6 da ake gani a shagunan kayan wasan yara. Ya dace makarantun yankin su ɗauke shi da muhimmanci, su kafa masa ƙungiyoyi, su shirya masa gasa.

Abin da ke cikin akwatin

Wani malamin zanen gine-gine ɗan ƙasar Hungari mai suna Ernő Rubik ne ya ƙera shi a birnin Budapest a 1974. Da ya hargitsa launukan, sai da ya shafe kusan wata guda kafin ya iya mayar da su yadda suke. A 1980 aka fara sayar da shi a kasuwannin duniya da sunan Rubik's Cube.

Wanda ya ɗauke shi karon farko yakan ga ƙananan murabba'ai 54 masu launi, ya ɗauka kowanne yawonsa yake yi shi kaɗai. Nan ne kuskuren yake farawa. Guntaye 26 ne a jikinsa, kuma iri uku ne. Akwai 'yan tsakiya 6, kowanne da launi ɗaya. Akwai 'yan gefe 12, kowanne da launi biyu. Sai 'yan kusurwa 8, kowanne da launi uku. A can ciki akwai wani ginshiƙi mai hannu shida, an ɗaure kowane ɗan tsakiya a hannu ɗaya da noti da sifirin. 'Yan gefe da 'yan kusurwa ba a ɗaure suke da komai ba. Kowannensu yana da 'yar ƙafa da ta shige ƙarƙashin maƙwabtansa, ita ke hana shi faɗowa idan an juya.

Daga wannan gini abubuwa biyu suke fitowa. Na ɗaya, 'yan tsakiya suna jujjuyawa a inda suke amma ba sa sauya wuri, don haka su ne ke faɗin launin kowace fuska. A tsarin da aka fi sani, fari yana bayan rawaya, ja yana bayan ruwan lemu, shuɗi yana bayan kore. Na biyu, ɗan kusurwa ba zai taɓa zama a gurbin ɗan gefe ba. Ashe aikin duka shi ne a kai guntaye 20 gidajensu, kowanne ya zauna yana fuskantar inda ya dace.

Duk da haka, yawan yanayin da kiyub zai iya shiga ya kai 43,252,003,274,489,856,000. Da mutum zai gwada yanayi ɗaya a kowace daƙiƙa ba dare ba rana, sai ya shafe shekara fiye da tiriliyan ɗaya bai gama ba. Shi ya sa mai juya shi da ka, yana jiran sa'a, zai gaji ya ajiye. A watan Yuli na 2010 kuma, wasu masana huɗu, Tomas Rokicki da Herbert Kociemba da Morley Davidson da John Dethridge, suka yi amfani da kwamfutocin kamfanin Google suka tabbatar da cewa duk yadda aka hargitsa shi, juyi 20 ko ƙasa da haka ya isa a gyara shi. Tsakanin waccan lamba mai tsawo da wannan 20 ɗin, abin da ke akwai shi ne tsari.

Yadda ake warware shi

Mai koyo yakan fara da ƙoƙarin haɗa fuska ɗaya, sannan ya koma ta biyu, sai ya tarar ta farkon ta wargaje. Masu iyawa suna kallonsa kamar bene mai hawa uku, suna gina shi daga ƙasa. Da farko a jera 'yan gefe huɗu masu fari a kewayen ɗan tsakiya fari, su yi kamar alamar tarawa ta lissafi, kuma launinsu na biyu ya dace da ɗan tsakiyar da ke kusa. Sai a saka 'yan kusurwa huɗu, hawa na farko ya cika. Sai 'yan gefe huɗu na hawa na biyu. Hawa na uku shi ne mai wuya, domin duk juyin da za a yi zai taɓa abin da aka riga aka gina.

A nan ne algoridim yake shigowa. Algoridim jerin juyi ne da aka tsara, wanda zai rushe ginin na ɗan lokaci, ya sauya guntaye biyu ko uku da ake so, sannan ya mayar da sauran inda suke. Ana rubuta shi da haruffan da masanin lissafi David Singmaster ya yaɗa: R fuskar dama, L ta hagu, U ta sama, D ta ƙasa, F ta gaba, B ta baya. Harafi shi kaɗai yana nufin a juya fuskar yadda hannun agogo ke tafiya. Idan an sa masa 'yar alama a sama, kamar R', sai a juya akasin haka. Mai karatu da ke da kiyub a gyare zai iya gwada wannan: R U R' U'. Idan ya yi sau ɗaya zai ga ya hargitse. Idan ya maimaita har sau shida ba kuskure, zai ga komai ya koma daidai. Idan ya tsallake juyi ɗaya tak, ba zai dawo ba.

Wannan ɗan gwaji shi ne darasin farko na rubuta manhaja. Akwai umarni a rubuce, akwai jeri da ba a tsallakewa, akwai maimaici, akwai kuma neman inda aka yi kuskure idan sakamako bai fito ba. Ɗalibin da ya riga ya ji wannan a yatsunsa ba zai yi baƙunta ba ranar da aka zaunar da shi gaban Python ko Scratch. Hanyar masu koyo ba ta bukatar algoridim fiye da goma, kuma yaro mai naci yakan kama ta cikin 'yan kwanaki idan ya samu mai nuna masa.

Masu gasa suna amfani da gajerun hanyoyi. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce CFOP, da ake jingina wa Jessica Fridrich, 'yar asalin ƙasar Cek, farfesa a Jami'ar Binghamton da ke Amurka, wadda ta wallafa tsarin a intanet a 1997. Fanninta na aiki shi ne ɓoye saƙo cikin hotuna da gano kyamarar da ta ɗauki hoto. Matakan huɗu ne. A yi alamar tarawa a ƙasa. A haɗa ɗan kusurwa da ɗan gefensa a saka su tare, sau huɗu, hawa biyu su cika a lokaci ɗaya. A mayar da fuskar sama launi ɗaya da algoridim ɗaya daga cikin 57. A ƙarshe a jera guntayen saman a gidajensu da ɗaya daga cikin 21. Jimillar na hawan ƙarshe 78 ke nan. Da wannan hanya ana gamawa da juyi kusan 50 zuwa 60, alhali mai koyo yakan wuce 100. Akwai kuma hanyar Roux, ta Bafaranshe Gilles Roux, wadda juyinta bai kai haka yawa ba.

Saurin yatsa yana da amfani, amma abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne hangen gaba. Yayin da hannu yake saka guntaye biyu, ido ya riga ya tafi neman biyun da za su biyo baya, don kada a tsaya. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana kallon dattawa suna dara ya san wannan hali: gwanin dara yana ajiye ɗa ɗaya, zuciyarsa tana kan ci na uku da ke tafe.

Yadda gasar take

An yi gasar duniya ta farko a Budapest ranar 5 ga Yuni, 1982, inda Minh Thai daga Amurka ya yi nasara da daƙiƙa 22.95. Daga nan abin ya lafa har 2003, da aka sake yin ta a Toronto ta ƙasar Kanada. A 2004 Ron van Bruchem da Tyson Mao suka kafa hukumar gasar ta duniya, WCA, wadda ita ke tsara dokoki da ajiye sakamako har yau.

Dokokin suna da sauƙin fahimta. Manhajar kwamfuta ce ke fitar da yadda za a hargitsa kiyub, kuma duk 'yan rukuni ɗaya hargitsi iri ɗaya ake ba su. Ana kawo wa ɗan gasa kiyub ɗinsa a rufe. Alƙali ya buɗe, ya ba shi daƙiƙa 15 ya duba ba tare da ya juya komai ba. Sai ya ɗora hannu biyu a kan agogon gasa. Yana ɗagawa agogo ya fara, yana gamawa ya saki kiyub ya mayar da hannu biyu. Wanda ya wuce daƙiƙa 15 yana dubawa za a ƙara masa daƙiƙa 2, wanda ya wuce 17 an soke wannan yunƙurin. Idan ya tsayar da agogo saura juyi ɗaya, nan ma daƙiƙa 2 ne. Ana yi sau biyar, a cire mafi sauri da mafi jinkiri, a ɗauki matsakaicin ukun da suka rage. Don haka sa'a ta sau ɗaya ba ta ba mutum kambu.

Tarihin sauri yana ta sauka. Yusheng Du na ƙasar Sin ya yi daƙiƙa 3.47 a 2018. Max Park na Amurka ya yi 3.13 a watan Yuni na 2023. A watan Afrilu na 2025, Xuanyi Geng, yaro ɗan shekara 7 daga Sin, ya yi 3.05. Shi Max Park yana da lalurar otizim, kuma iyayensa sun fara ba shi kiyub ne don ya motsa yatsunsa, daga baya zauren gasa ya zama inda ya koyi mu'amala da mutane. Akwai kuma wasu rukunan: warwarewa da hannu ɗaya, da ido a rufe, da manyan kiyub har mai layi 7, da kuma rukunin da ake ba mutum awa ɗaya da takarda da biro ya nemo mafi ƙarancin juyi. Injuna ma suna tasu tserayar. Mutum-mutumin kamfanin Mitsubishi Electric ya yi daƙiƙa 0.305 a 2024, ɗaliban Jami'ar Purdue suka zo da nasu a 2025 ya yi 0.103.

Kayan ma sun sauya. Kiyub ɗin gasa na yau, irin na kamfanonin GAN da MoYu da QiYi na ƙasar Sin, yana da ƙananan maganaɗisu a cikin guntayensa da ke taimaka wa kowace fuska ta tsaya daidai, ana iya sassauta notinsa ko a ɗaure, ana kuma ɗiga masa man silikon. Akwai masu Bluetooth da ke aika kowane juyi zuwa waya. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ɗan koyo yake bukata a watanninsa na farko.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce yankin da manomi ke tsoron zuwa gona, matafiyi ke addu'a kafin ya bi hanyar Tsafe, ina shi ina wasan yara? Maganar tana da nauyi, kuma kiyub ba zai kawo tsaro ko ya cika tukunya ba. Sai dai yaran da ke Kucheri yau ba za su daina girma su jira ranar da komai zai daidaita ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin duk abin da za a iya ba ɗalibi ya tafi da shi gida ranar da aka sake rufe makaranta ko aka sake ɗauke sabis, kaɗan ne suka kai wannan araha da juriya. Kuɗin mai sauƙi bai wuce abin da matashi ke ƙonawa a data cikin 'yan makonni ba, kuma guda ɗaya zai zagaya yara biyar a gida ɗaya.

Wani kuma zai ce ai hadda ce kawai, babu tunani a ciki. Wannan suka ta fi ta farko ƙarfi, domin rabinta gaskiya ce. Yaro zai iya haddace algoridim 78 ya riƙa zuba su ba tare da ya san dalilin ko ɗaya ba, kuma yaran ƙasar Hausa da suka saba da hadda tun suna ƙanana ba za su sha wuya a nan ba. Maganin yana hannun malami. Kada a miƙa wa ɗalibi takardar algoridim a ranar farko. A bar shi ya gano alamar tarawa da kansa. A sa shi ya bi ɗan kusurwa ɗaya da ido ya faɗi inda ya je bayan kowane juyi. A ɓalle kiyub a gabansa ya ga ginshiƙin, sannan a murɗa ɗan kusurwa ɗaya a inda yake, a ba shi ya gwada. Zai tarar ba ya gyaruwa ko ya kwana yana yi, domin idan aka wargaza guntayen aka mayar da su da ka, sau ɗaya cikin 12 ne kawai ake dacewa da wanda zai warwaru. Tambayar "me ya sa?" da za ta biyo baya ita ce ƙofar wani babban fanni na lissafi da ake karantawa a jami'a.

Akwai kuma masu talla da ke cewa kiyub yana mayar da yaro haziƙi. Kada iyaye su saye shi da wannan zato. Wanda ya iya kiyub, kiyub ya iya. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne abin da ido ke gani: yaro ya zauna da matsala mai wuya, ya raba ta gida-gida, ya karanta rubutattun alamomi ya aiwatar, ya auna kansa da agogo, ya ga lokacinsa ya sauko daga minti biyar zuwa minti ɗaya saboda naci. Ɗalibin da aka saba ce masa ba ya ja a lissafi, ranar da ya gyara abin da malaminsa ya kasa, wani abu yakan sauya a yadda yake kallon kansa.

Daga ina za a fara

Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, amma wannan aiki ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Makarantar sakandare ɗaya a Kucheri ko Tsafe tana bukatar kiyub goma, malamin lissafi ɗaya da ya ba abin mako biyu ya koya, da awa ɗaya a mako bayan tashi. Agogon da ke cikin kowace waya ya isa auna lokaci ko babu sabis. Jerin hargitsi kuwa ana iya sauke shi sau ɗaya daga shafin csTimer a kwafe a littafi. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ɗan kasuwa ɗaya na garin zai iya ɗaukar nauyin duka. A tabbatar an sa 'yan mata tun ranar farko, domin wasa ne da ake yi a zaune a cikin gida, ba ya bukatar fili ko fita da yamma.

A saya da lura. Akwai masu arha ƙwarai da ke cijewa, sitikarsu tana ɓallewa, suna sa yaro ya tsani abin tun bai fara ba. Gara wanda launin yake a jikin robar, wanda fuskarsa ke juyawa da yatsa ɗaya. Mai tsadar nan na Bluetooth kuma a bar shi sai an kai ga bukatarsa.

Ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin su ne suka fi dacewa su zama masu horarwa da alƙalai. Masu yin bidiyon fasaha da Hausa a TikTok da YouTube su ma suna da rawar takawa: darasi bakwai gajeru, mataki ɗaya a kowanne, waɗanda za a iya turawa daga waya zuwa waya ta Xender. A yi bayanin da Hausa, amma a bar haruffan R da U da F yadda suke, don yaron Bungudu ya iya karanta takardar da yaron Sin ko Poland yake karantawa.

Bayan zango ɗaya sai a yi gasa a cikin makaranta da dokokin da aka ambata a sama, daƙiƙa 15 na dubawa da yunƙuri biyar. Bayan shekara, makarantun Tsafe da Gusau da Bungudu su haɗu a Gusau, da rana, a tashi da wuri kowa ya koma gida kafin la'asar. Idan aka samu 'yan gasa masu yawa da suka san doka, sai a nemi wakilin WCA, domin sai da wakili a zaure hukumar take amincewa da gasa. Daga ranar, duk wanda ya kammala yunƙurinsa zai samu lambar shaida da shafi a rumbun hukumar, sunansa da ƙasarsa da lokacinsa a jeri ɗaya da na Max Park. Hukumar ba ta gindaya shekaru ko takardar makaranta ba. Yarinya 'yar aji biyu daga Kucheri da ta gama a daƙiƙa 40 za a rubuta mata 40 ɗinta, kuma a gasa ta gaba ita ce lambar da za ta zo ta karya.